Ganyen Da Ba A Mayarwa

Barci ya ƙaurace wa idona. Tun da aka rufe wutar sansani da toka nake kishingiɗe a kujerar direba, na ja bargo har wuya, ina sauraron dajin Tarangire. Can wajen kogi zaki ya yi ruri sau uku, ya yi shiru. Kuraye suka mayar masa da dariyarsu ta rashin kunya. Shekara huɗu ke nan ina kawo baƙi su kwana a wannan wuri, kuma wannan hayaniya ba ta taɓa hana ni runtsawa ba. Abin da ya hana ni yau yana cikin aljihun rigata, tsakanin shafukan ƙaramin littafin tsuntsaye da nake yawo da shi. Busasshen ganye ne guda ɗaya, da ƙulli a tsakiyarsa.

Tambaya ɗaya ce ta ƙi barina in huta. Shin al'adar iyayena nake girmamawa, ko kuwa ni matsoraci ne da ya samu ganye ya laɓe a bayansa?

Tantuna biyu ne a gaban motar. A na hagu Aikande take kwance tare da gwaggonta Mkunde. A na dama akwai Elibariki Minja, ɗan kasuwar da ya taso tun daga Dar es Salaam da zobe a aljihunsa. Ni kuwa, Ndesario, wanda ya shekara shida yana son Aikande tana son sa, ni aka ba makullin mota in kawo su. Direbobi goma sha ɗaya ne a kamfanin yawon daji na mahaifinta, amma ni dattijon, Mzee Temba, ya zaɓa. Ba kuskure ya yi ba. So yake idona ya gani, ko zuciyata ta haƙura.

A jami'a muka haɗu, ita tana karatun likitan dabbobi, ni ina nazarin namun daji. Ranar da labarinmu ya kai kunnen mahaifinta, a garejin kamfani ya same ni a Arusha, a gaban makanikai.

"Kai ɗan tsakiya ne a gidanku, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Mzee."

A kan dutsenmu Kilimanjaro, mu 'yan ƙabilar Chagga, ɗan fari da ɗan auta ne suke gadon gonar ayaba. Mu 'yan tsakiya makaranta ake sa mu, a nuna mana hanyar gangarowa. Kuma a gonar gado ake binne mutum, shi da matarsa, a inuwar ayabar kakanninsa.

"To faɗa mini," in ji shi, "ranar da Allah ya karɓi ran 'yata, a ina za ka binne ta? A cikin takardar digirinka?"

Makanikai suka sunkuyar da kai, kowa ya nemi ƙarfen da zai riƙa murɗawa.

Bayan kwana uku, da almuru, aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da nake haya. Shi ne, shi kaɗai, hularsa a hammata. A hannunsa na dama, mai yatsu uku, yana riƙe da ganyen isale a ƙulle.

Da tsiron isale muke shinge gidajenmu, shi muke dasawa a kan iyaka da kan kabari. Idan mutum ya ƙulla ganyensa ya miƙo maka, to ya kai ƙarshen roƙo. Wanda ya karɓa ya amsa. Wanda ya amsa ya saɓa, abin ba a kansa kaɗai yake sauka ba, har gidansu yake bi. Kakata ta sha ja mini kunne tun ina ƙarami: "Ka fara jin magana, sannan ka miƙa hannu."

Ban ji ba. Na ga furfura a ƙofata, na ɗauka gafara ya zo nema kan cin mutuncin da ya yi mini. Kunya ta kama ni a madadinsa. Na yi wuf na karɓa da hannu biyu, don kada tsoho ya daɗe yana miƙo mini abu.

Sai da ganyen ya zauna a tafina sannan ya buɗe baki.

"Na gode, ɗana. Abu biyu nake roƙo. Ka janye daga Aikande. Sannan bakinka kada ya faɗa mata na zo nan."

Yau wata biyu ke nan. Na daina ɗaga wayarta. Idan ta shigo ofis ta ƙofar gaba, sai in fice ta baya. Ni da na karanta kimiyya na san ganye ba ya kisa. Amma mahaifiyata tana can kan dutse, ƙanina yana da jarirai biyu, kuma duk lokacin da na yi niyyar jefar da shi sai hannuna ya yi nauyi. Ilimin da aka ba ni a madadin gona bai isa ya kwance ƙulli ɗaya ba.

* * *

Wunin jiya azaba ce da aka riƙa ɗiga mini kaɗan-kaɗan. Tun a ƙofar shiga daji na shawarci Minja ya sauya baƙar rigarsa, domin ƙudan tsando baƙin tufafi yake bi. Ya dafa kafaɗata yana dariya.

"Direba, kai dai riƙe sitiyarinka. Rigar nan daga Dubai ta zo."

Kafin rana ta take tsaka yana ta marin wuyansa da ƙeyarsa.

"Surukina," in ji Gwaggo Mkunde, "tafi kake yi wa giwayen, ko kiɗa ka koyo a Dubai ɗin?"

Shi ma ya yi dariya, domin ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Aikande kaɗai ce ba ta dara ba. Ta zauna a kujerar ƙarshe, ta manna madubin hangen nesa a idonta wuni guda. Madubin nawa ne. Tun muna ɗalibai nawa take ara, ta ce nata yana sa ta jiri, da yamma ta mayar mini da shi cikin jakarsa ta fata. Jiya ma haka ta yi, sai dai a kan kujera ta ajiye, ba a hannuna ba.

Da dare, bayan an ci tuwon masara da gasasshen nama, Minja ya ja ni gefe ya damƙa mini wayarsa.

"Gobe da fitowar rana ka kai mu gindin babbar kukar nan mai kallon kogi, inda ake barin mutane su sauka. Da ka ga na durƙusa, ka danna nan. Ka ɗauka da kyau fa, fuskarta ta fito."

Na ce to. Me zan ce?

Ina cikin wannan juyayi a kujerar direba na ji an murɗa hannun ƙofar baya a hankali. Wani ya shigo, ya ja ƙofar ba tare da ta yi ƙara ba. Ban buƙaci juyawa ba. Ƙamshin man da take shafawa a gashinta ya riga ta isowa.

Dokar sansani ɗaya ce, kuma ni da bakina na karanta musu ita: idan aka kashe wuta, ba mai fita daga tanti. Mai buƙata ya haska tocila, tsoho Loishiye, ɗan ƙabilar Masai da ke gadinmu, zai zo da mashinsa.

"Kin haukace ne?" na ce cikin raɗa. "A ƙafa? Ba ki ji zakin nan ba?"

"Yana ƙetaren kogi. A dajin nan na yi rarrafe, malam, kada ka karanta mini doka."

"Idan Gwaggo ta farka fa?"

"Ba ka ji minsharinta ba? Zakin ma ita yake amsa wa."

"Ki koma, Aikande. Don Allah ki koma."

Na kai hannu kan tocila zan kira Loishiye ya raka ta, sai na ji reshe ya karye a bayanmu. Na tsaya cak. Giwa ba ta da takun da kunne ke ji, kukan cikinta ake fara ji, kamar hadari a nesa. Uwar garken ce ta fara bayyana a farin wata, sauran suka biyo ta a jere. Na ƙirga goma sha ɗaya, biyu daga ciki 'yan ƙanana ne masu bin ƙarƙashin iyayensu. 'Ya'yan gawon da suka zuba tsakanin mota da tantuna suka zo tsinta, kuma ba su zo da niyyar sauri ba.

Giwa mai ɗa ba a ba ta mamaki. Ba haske, ba tada inji, ba buɗe ƙofa. Motar da nake tinƙaho da ita ta koma mini kurkuku.

"Ka gani ko," ta ce a hankali daga bayana. "Yau babu ƙofar baya."

Na kafa idona a madubin mota. Inuwar fuskarta kawai nake gani.

"Me na yi maka, Ndesario?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"Wata ce?"

"Babu wata."

"Baba ya ce zai kore ka daga aiki?"

"Bai ce ba."

"To maganar gareji ce? Labari ya zo mini, har mai shayin bakin titi ya sani. Ni na ce maka kabari nake nema? Shekarata ashirin da bakwai, rayuwa nake so mu yi, ku kuna can kuna rabon inda za a binne ni!"

"Rage murya."

"Kowa abin da yake ce mini ke nan. Mama ta ce in rage murya, hawan jininta zai tashi. Fasto ya ce in rage murya, albarkar iyaye ba a sayen ta a kasuwa. Gwaggo ta ce Minja ɗan auta ne, gonarsu a Marangu har da rafi a ciki. Sau uku ana kai ni can bayan an tashi coci ana nuna mini ayaba, sai ka ce akuya."

Na ce, "Mutumin kirki ne."

"Sake faɗa in ji."

Na mayar da idona kan sitiyari.

"Ka sake faɗa mana. Ka juyo ka kalle ni ka ce, Aikande, je ki auri mutumin kirki. Ka faɗa sau ɗaya da idonka a cikin nawa, na rantse ba za ka ƙara ganina a motarka ba."

Muryarta ta karye. Ta toshe bakinta da gefen mayafinta, kukan ya koma cikin ƙirjinta, domin ko kuka ba mu da ikon yi da ƙarfi. Wata matashiyar giwa ta matso, ta ɗora hancinta a kan gilashin gefena tana shinshina, numfashinta ya bar tururi. Na zauna kamar gunki, hannuna a kan aljihun da ganyen yake, ina jin kukan wadda nake so a taku ɗaya daga bayana, na kasa ko juyawa.

Da ta samu numfashi ta ci gaba.

"Ka tuna ranar da motar makaranta ta maƙale da mu a taɓo, muka kwana da biskit ɗaya? Ka ce mini ba abin da kake tsoro a daji kamar dabbar da ta yi shiru. Yau kai ne ka yi shiru. Wata biyu ina yaƙi da gida guda ni kaɗai, wanda nake yaƙin dominsa ya juya mini ƙeya. Na gaji, Ndesario. Na faɗa wa Mama a tafiyar nan zan ba da amsa. Da na san dalili, komai ɗacinsa, da na san inda zan sa ƙafata."

"Akwai abin da ba ya faɗuwa," na ce.

"Haka ne?"

Na ji motsin mayafinta.

"Miƙo hannunka."

Na ɗauka awarwaron duwatsun da na saya mata a garin Mto wa Mbu za ta mayar mini. Na ce a raina na cancanci haka. Na miƙa hannu baya ba tare da na juya ba, na buɗe tafina.

Abu mai sanyi, mai santsi, ɗanye. Yatsuna suka bi tsawonsa har suka ci karo da ƙulli.

Ganyen isale ne.

"Daga shingen gidanmu na tsinko shi," ta ce. "Kuma ka karɓa."

Ko jakin dawa ba ya faɗa rami ɗaya sau biyu. Ni mai digiri na faɗa, kuma duka biyun gida ɗaya ne ya haƙa.

"Ban roƙe ka ka aure ni ba," ta ce, muryarta ta daina rawa. "Ba a roƙon so da ganye. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sanar da ni abin da ya raba mu, kafin mutumin nan ya durƙusa. Idan rana ta fito ban sani ba, zan karɓi zobensa, kai kuma ka ɗauki hoton."

"Ashe kin ji."

"Minja bai iya raɗa ba."

Muka zauna a cikin duhu, giwaye na kewaye da mu suna tauna, ni kuma da ganye biyu: ɗaya a ƙirjina yana cewa rufe bakinka, ɗaya a tafina yana cewa buɗe. Duk inda na karkata sai na karya guda. Na tuna mahaifiyata tana yankan ciyawa wa saniyarta, ba ta san ɗanta ya jingina gidan a kan ganye biyu ba.

* * *

Sai wajen ƙarfe huɗu uwar garken ta ɗaga hanci, ta yi wani gunaguni, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar karyewar rassa ta yi nisa. Daga bayan gawon sai ga Loishiye ya fito, jan bargonsa a kafaɗa. Ashe tun farko yana tsaye a wurin. Ya buɗe ƙofar baya, ya sa Aikande a gaba har bakin tantinta. Sannan ya dawo ya jingina da tagata, ya shaƙi garin tabarsa.

"Ɗan boko, ba ka yi barci ba."

"Baba Loishiye, abin da ka gani..."

"Me na gani? Giwaye goma sha ɗaya na gani, da wata barewa da ta ɓata hanya. Na mayar da ita garkenta."

Don in kawar da zancen na tambaye shi ina giwayen suka nufa. Ya haska ƙasa da tocilarsa.

"Kogi. Amma ba za su kai da wuri ba. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, ƙafarta ta baya tana ciwo, dubi yadda take jan ta. Ƙaya ce, ta kwana uku."

"Ita ta faɗa maka kwana ukun?"

Ya yi dariya mara sauti, ya tofar da yawu gefe.

"Shekara arba'in ina dajin nan, dabba ba ta taɓa buɗe baki ta faɗa mini komai ba. Kuma ba abin da suka taɓa ɓoye mini. Baki na mutanen gari ne, ɗan boko. Mu nan sawu muke karantawa. An koya maka wannan a makarantar taku, ko sai sunayen tsuntsaye?"

Ya gyara bargonsa ya tafi zagayensa.

Na daɗe ban motsa ba. Sannan na zaro littafin tsuntsaye, na lulluɓe kaina da bargo, na kunna tocila a ciki. Wata biyu ina ɗauke da ganyen nan, ban taɓa kallonsa ba sai da tsoro. Yau na kalle shi kamar yadda ake kallon ƙasa.

Igiyar ƙarfe ta jan mota ce ta cinye wa Mzee Temba babban yatsa da manuni, tun ba a haifi Aikande ba. Tun daga nan duk abin da zai ƙulla, da hannun hagu yake riƙewa ya ja da haƙori. Ƙullinsa a juye yake fita. Kuma ga su nan a gefen busasshen ganyen, ramuka biyu ƙanana, da ɗan fili a tsakaninsu daidai wushiryarsa. Aikande ta taɓa ba ni labarin yadda take jin kunya a firamare, domin igiyar jakarta kullum da sawun haƙorin babanta.

Na maimaita maganganun biyu a raina, kalma bayan kalma. Shi ya ce, bakinka kada ya faɗa mata. Ita ta ce, ka sanar da ni.

Ban yi murna ba. Na san a kan kaifin wuƙa nake shirin tafiya. Tsohon zai ce na yi masa wayon 'yan boko, kuma ba zan iya rantsuwa cewa ƙarya yake yi ba. Aikin zai tafi. Roƙonsa na farko yana nan daram, domin ƙulli sai mai shi yake kwancewa, kuma mai yiwuwa ne ya ƙi har ya mutu. Na kuma tambayi kaina ko ba yaƙina nake shirin ɗora wa mace ba, in koma gefe in naɗe hannu. Amma ba ceto ta roƙa ba. Ta roƙi ta san inda za ta sa ƙafarta. Wata biyu na bar ta tana tafiya a duhu a cikin gidan ubanta, tana neman laifin a jikinta. Idan har akwai abin da zai bi ni gida, wannan ne ya fi cancanta.

Gabas ta fara ja. Na ɗauko jakar madubin hangen nesa, na zare madubin, na kwantar da busasshen ganyen a ƙasanta, na mayar da shi a kai, na ɗaure maɗaurin.

* * *

Gwaggo Mkunde ce ta fara fitowa, ta yi arba da tulin kashin giwa a bakin tantinta.

"Yesu mai ceto! Wa ya sauke mana wannan kaya?"

"Baƙi kika yi, Gwaggo," in ji Loishiye. "Sun yi ta sallama, kina ta amsa musu da hanci."

"Tsohon banza. Da sun taka ni ai da ka ga aikin mashinka."

Minja ya fito da farar riga, ƙamshin turarensa ya kori na kofi. Ya kashe mini ido, ya shafa aljihunsa. Aikande ce ta fito ƙarshe, idanunta a kumbure, ta ce wa gwaggonta ƙura ce. Ta kalle ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai ina duba taya.

Tafiyar rabin awa ce zuwa kukar. Muka wuce raƙuman dawa uku suna kiwo a saman ƙaya, muka wuce garken ɓauna da suka tsaya suna kallonmu kamar mun ci musu laifi. Ba wanda ya ce in tsaya. Da muka isa, rana ta fara leƙowa ta bayan tudu, kogin ya yi ja a ƙasa, ga giwayenmu na daren jiya can sun jeru a bakin ruwa, tsohuwar a ƙarshe tana jan ƙafa.

Na kashe inji.

Minja ya riga kowa sauka. Ya zaɓi wuri a gindin kukar, ya zaro hankici ya shimfiɗa a ƙasa don kada wandonsa ya ɓaci. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗaurin kallabinta, bakinta har kunne. Aikande ba ta tashi daga kujerarta ba. Tana jira, idonta a kan ƙeyata. Rana ta fito rabi.

Na ɗauki jakar fatar, na miƙa mata baya kamar yadda na saba kowace safiya.

"Ga madubi, Likita."

Na ga yadda fuskarta ta faɗi. Ta karɓa kamar mai karɓar hukunci. Ta kwance maɗaurin, ta zare madubin, sai hannunta ya tsaya.

A madubin mota nake kallonta. Ta ɗago ganyen da yatsu biyu. Ta juya shi. Ta dubi ƙullin, ta sake juya shi, sannan babban yatsanta ya bi gefensa a hankali, ya tsaya a kan ramukan nan biyu. Bai ɗauke ta numfashi uku ba. 'Yar daji ce.

"Aikande, sauko mana, kada hasken ya wuce!" Minja ya ƙwala daga gindin kuka, gwiwarsa ɗaya ta riga ta kai kan hankici. "Direba, ka shirya?"

"Gwaggo," ta ce, muryarta a kwance, "zo ki duba mini wani abu. Ƙullin wa ne wannan?"

Gwaggo Mkunde ta leƙo tana murmushi. Ta dubi ganyen. Ciki ɗaya suka fito da Mzee Temba, ita ta yi jinyar hannun nan lokacin da aka yanke yatsun. Murmushin ya zame daga fuskarta, ta kai hannu ta rufe bakinta.

"Wa ya... Kai, yaro, me ka faɗa mata?"

Ban amsa ba.

"Bai faɗa mini komai ba, Gwaggo," in ji Aikande. "Ke shaida ce. Madubi ya ba ni."

Ta naɗe ganyen a gefen mayafinta, ta ƙulle shi tamau. Sannan ta leƙa ta taga.

"Elibariki, tashi, kada ka ɓata wandonka. Ka yi haƙuri, ba laifinka ba ne. Akwai saƙon da zan mayar wa Baba hannu da hannu, kuma ba zan amsa wa kowa komai ba sai na ga ya kwance shi ko ya ƙi a gabana."

Minja ya tsaya da gwiwa ɗaya a ƙasa, yana dubanta, yana duban gwaggo, yana dubana. Na sauka, na taka har inda yake, na miƙa masa wayarsa da hannu biyu. Na ɗauke masa hankicin, na kaɗe, na ba shi. Ban ce masa komai ba, domin ba ni da abin da zan faɗa wanda bakina yake da izininsa.

Na koma kujerata. A aljihuna saura ganye ɗaya, ɗanye, wanda na cika alkawarinsa. Na jira har kowa ya shigo ya zauna, aka rufe ƙofa. Sannan na murɗa makulli, na juya kan motar zuwa hanyar Arusha.